Abin da ke Riƙe Taya da Kwalta

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Gaisuwa ga mutanen Malanville da kewaye, na Gene da Garu da Madekali, har can Karimama. Gaisuwa ga 'yan'uwa na ƙetaren kogi a Gaya, da duk wanda muryar nan ta isa kunnensa. Malam direba da ke kwance a inuwar tirela kana jiran takardu, sannu da haƙuri. Shirin yau naka ne kafin na kowa.

Garin nan namu na Malanville da safarar kaya yake ci. Hanyar da ta taso daga Kwatano ta yi tafiyar fiye da kilomita 700, ta ratsa Paraku da Kandi, a nan take ƙarewa a bakin gadar da ta haɗa mu da Gaya. Kasuwarmu kuwa, in ka cire Dantokpa ta Kwatano, ita ake lissafawa ta biyu a ƙasar Benin. Albasa ce, shinkafa ce, masara ce, garin rogo ne, siminti ne, kullum ana ja, ana turawa, ana ɗaurewa, ana tsayarwa. Kuma a duk wannan hada-hada akwai abu ɗaya da ke yanke hukunci ba a ganinsa, shi ne gogayya, wato turjiyar da ke tasowa a duk inda fuskar wani abu ta haɗu da ta wani, ɗaya na neman zamewa a kan ɗaya. Ba don ita ba, da ƙafa ba ta kama ƙasa ba, ƙusa ba ta zauna a katako ba, ƙullin zariyar wando ma ba zai riƙe ba.

Abin da nake so mu fahimta yau shi ne, wannan riƙo yana da iyaka, kuma iyakar tana lissaftuwa. Mu masu imani ne da ƙaddara, wannan ba abin musu ba ne. Amma da yawa daga cikin abin da muke kira tsautsayi a hanyar Kandi, mutum ne ya nemi kwalta ta ba shi riƙon da ba ta da shi.

Bari mu fara da gwajin da kowane yaro zai iya yi a tsakar gida. A samo bulo guda, a ɗaure shi da igiya, a ƙulla wa igiyar doguwar roba irin wadda ake yankowa daga robar cikin taya. A ajiye bulon a kan daɓen siminti, a riƙa jan robar sannu-sannu. To ku zuba ido. Robar za ta yi ta miƙewa, bulo ko gezau. Kana ƙara ja, ƙasa na ƙara riƙewa daidai gwargwadon abin da ka ƙara. Can sai a kai wani wuri bulon ya fizge ya taho, kuma da zarar ya taho sai ka ga robar ta ɗan saki, ta ragu. A yi alama a inda robar ta kai kafin ya motsa.

Yanzu a juya bulon, a tsayar da shi a kan gefensa siriri. Hankali zai ba ka cewa tunda wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu, ja zai yi sauƙi. A'a. Robar za ta miƙe kusan daidai inda ta kai da farko. Sai kuma a ɗora masa bulo na biyu a kai. Nan za ka ga aiki, don ƙarfin da ake bukata ya ninka.

Ke nan faɗin wurin ba shi ne abin dubawa ba, nauyin da ke danna abubuwan biyu shi ne magana. Leonardo da Vinci na ƙasar Italiya ya rubuta haka a takardunsa tun 1493, amma bai buga su ba, suka yi ta kwana a ajiye. Sai a 1699 wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ya sake gano abin, ya kai gaban majalisar masana kimiyya ta birnin Faris. Su ma manyan sai da suka yi tababa, aka sa wani ya sake gwajin kafin su yarda, saboda haka in kai ma ka ji abin bai kwanta maka ba, ba kai kaɗai ba ne. Daga baya Charles Coulomb, injiniyan soja, ya zauna a wurin ƙera jiragen ruwa na Rochefort yana jan katako a kan katako, ƙarfe a kan katako, da mai da babu mai, har aikin ya ci kyautar majalisar a 1781. Ku lura, tambayar daga ma'aikatan jirgin ruwa ta fito, masu fama da igiya da kaya, irin aikin da ake yi a bakin koginmu.

Amma me ya sa faɗi bai da tasiri? Amsar ta jima ba ta samu ba. Sai da wasu masana biyu a jami'ar Kambirij ta Ingila, Frank Bowden da David Tabor, suka fitar da littafinsu a 1950. Suka nuna cewa duk sulɓin da ido ke gani, ko na gilashi ne, in aka duba da madubin ƙara girma za a tarar da tudu-tudu da ramuka. In ka ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, kawunan tudun ne kawai ke haɗuwa, kuma jimillar wurin da ya taɓa da gaske, a wasu lokuta, ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na abin da ido ke gani. A waɗannan 'yan wurare matsin yana da tsanani ƙwarai, har kawunan su lotse su manne da juna. Ka ƙara nauyi, su ƙara lotsewa, wurin mannewar ya ƙaru. Ka juya bulon a gefensa, nauyin bai canza ba, don haka wurin mannewar na gaskiya bai canza ba. Jan da kake yi, yaga waɗannan manne-mannen kake yi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya yage shi ne cinyewa, shi ya sa takalmi ke siɗewa, shi ya sa dutsen niƙa ke yin sulɓi har iyayenmu mata su kira mai koɗa ya dawo masa da kaushinsa.

Masana suna auna wannan riƙo da lamba ɗaya, kuma lissafinta ba wuya. In buhu mai kilo 100 yana bukatar jan da ya kai na ɗaga kilo 40 kafin ya zame, to ma'aunin 0.4 ne. Tayar roba a kan busasshiyar kwalta tana kaiwa wajen 0.7 ko 0.8. In kwaltar ta jiƙe, abin yakan sauko zuwa 0.4 ko 0.5. A kan jiƙaƙƙiyar laka kuwa, ya faɗi ƙasa da haka sosai. Ku riƙe waɗannan, za mu dawo kansu. Sai dai in faɗi gaskiya, roba ba ta bin dokar Amontons sau da ƙafa, don tana da laushi, tana shiga ramukan kwalta, saboda haka faɗin taya yana da ɗan amfaninsa. Amma ba irin amfanin da ake zato ba.

Mu koma kan robar nan da ta saki bayan bulo ya motsa. Wannan shi ne sirri na biyu: riƙon abin da ke tsaye ya fi riƙon abin da ya riga ya fara zamewa. 'Yan dako sun san haka ba tare da allo ba. In ana jan buhu a cikin bodin mota, za ka ji ana cewa kar a bari ya tsaya, don tayar da shi ya fi ci gaba da jansa wuya. Mai goge ma ya sani. Kafin ya fara kiɗa sai ya shafa wa izgar ƙaro. Izgar ta kama tsirkiya ta ja ta gefe, har riƙon ya kai iyakarsa, tsirkiyar ta kuɓuce ta koma, izgar ta sake kama ta. Kama, saki, kama, saki, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, wannan shi ne kukan gogen da ke tayar da tsikar jiki. Ka shafa wa izgar man shanu, goge ya zama bebe. Ƙarar ƙyauren da bai ga mai ba, da kukan birki, duk uwa ɗaya uba ɗaya suke da wannan. Har girgizar ƙasa, masana sun nuna irin wannan kamawa da kuɓucewa ce tsakanin manyan duwatsun ƙarƙashin ƙasa, sai dai ita kamawar tata takan ɗauki shekaru aru-aru.

To malam direba, ga inda abin ya shafe ka. Tayar da ke juyawa, ɓangarenta da ke taɓa kwalta a wannan lokacin tsaye yake, ya kama ƙasa da babban riƙon. Da ka danna birki da ƙarfin tsiya har taya ta daina juyawa, ka bar babban riƙo ka koma ƙarami. Abin da ya fi wannan muni, tayar da ke ja da ƙasa ba ta jin sitiyari. Ka murɗa hagu, ka murɗa dama, mota inda ta dosa can za ta. Baƙin layi biyun nan da muke gani a kan kwalta bayan hatsari, robar taya ce ta narke, kuma shaida ce cewa daga farkon layin direban ya zama fasinja. Saboda wannan ne aka ƙirƙiro birkin ABS, wanda kamfanonin Bosch da Mercedes na Jamus suka fitar kasuwa a 1978. Shi yana saki yana kamawa da kansa sau da yawa a daƙiƙa, don taya ta ci gaba da juyawa. In motarka na da shi, ka ji feda na rawa a ƙarƙashin ƙafarka, ba lalacewa ba ce, ka ci gaba da dannawa. Ina jin takaicin in ga fitilar ABS na ci a gaban direba, a ce ai bakanike ya ce ba komai, ko ma a cire ƙwan fitilar don ta daina damun mutum.

Ku kuma ƙannena 'yan kabu-kabu, ku matso. Duk babur ɗinku, da ku, da fasinja, da buhun da aka ɗaura a baya, abin da ya haɗa ku da ƙasa wurare biyu ne, kowanne bai kai tafin hannu ba. Riƙon da ke wurin nan guda ne, shi birki ke ɗiba, shi kwana ke ɗiba. In ka shiga kwana da gudu, kwanar ta riga ta cinye yawancinsa. Ka ƙara matsa birki a tsakiyarta, babu sauran da za a ba ka, taya ta tafi. Don haka a rage gudu tun kafin kwana, lokacin da babur yake a miƙe. Sannan a ji tsoron yashin da iskar hunturu ke tarawa a gefen kwalta, da hatsin da ya zube a bakin kasuwa. Ƙwayoyin suna shiga tsakanin taya da kwalta su riƙa mirginawa, ka ga a zahiri tayarka ba ta taɓa kwaltar ba ma.

(Ɗan kiɗa)

Masu saurare, yanzu ga lissafin da nake so kowa ya haddace. Ƙaramar mota mai birki lafiyayye, a kan busasshiyar kwalta mai riƙon 0.7, tana gudun kilomita 40 a awa: daga inda birki ya kama zuwa inda ta tsaya, mita 9. In tana gudun 80 fa? Mutum zai ce 18. A'a, mita 36. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. In ruwa ya sauka riƙon ya koma rabi, 36 ɗin ta zama 72. Kuma ba mu sa lokacin da ido zai gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta kai kan feda ba. Daƙiƙa ɗaya kacal a gudun 80, mota ta ci mita 22. A haɗa, mita 94, wato taku sama da 120 na babban mutum. In yaro ya fito da gudu ko saniya ta ƙetara a taku 50, to babu ƙwarewar da za ta yi aiki, ko shekara talatin ka yi a kan sitiyari. Babbar mota kuwa nisanta ya fi haka.

Wani zai ce, tunda nauyi na ƙara riƙo, ashe lafta kaya taimako ne? A takarda, nauyin da ke ƙara riƙo shi ne kuma ke ƙara wuyar tsayarwa, sai su yi kunnen doki. Matsalar a wani wuri take, ita ce zafi. Gogayya ba ta haɗiye ƙarfin gudu, mayar da shi zafi take yi. Wani da ake kira Rumford ya lura da haka a 1798 a birnin Munich, inda ake huda bakin igwa: ya sa ƙarfen cikin ruwa ana ta gugarsa, har ruwan ya tafasa babu wuta a kusa. Tirela mai tan 40 da ke gudun 80, in ta tsaya cak, zafin da birkinta ke sha cikin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya tafasa ruwa lita 30 da wani abu. In an lafta mata tan 80, zafin ya ninka, amma gangar birkin ita ce dai wadda kamfani ya sa. Ganga in ta yi zafi sai ta buɗe ta yi nesa da takalmin birki, shi kuma takalmin ya ƙone ya yi sheƙi, riƙonsa ya ragu. Direba na taka feda har ƙasa, mota na tafiya, sai warin ƙuna. Daga baya a ce birki ya tsinke. Sau da yawa babu abin da ya tsinke, dafa shi aka yi.

Hanyarmu ba ta da manyan gangare irin na duwatsun Natitingu, amma duk inda gangare yake, a sauka da ƙaramar giya, inji ya riƙe mota, birki ya huta. Sa mota a firi don tsimin mai, arha ce mai tsada. Kwara wa ganga mai zafi ruwan sanyi kuma yana iya tsaga ta ko ya karkatar da ita. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe masu kuɗin sefa ta kafa dokarta mai lamba 14 tun 2005, wadda ta ƙayyade tan 51 ga tirela mai layin tayoyi shida. An fi kawo ta a maganar lalacewar kwalta, amma ni ina ganin karen motar da ke zaune a gaba ya fi kwalta bukatar dokar nan.

Akwai kuma wani abu da ba a cika kula da shi ba. Mota na iya tsayawa, kayanta bai tsaya ba. Taya ta kama kwalta da 0.7, amma buhun leda a kan bodin ƙarfe, ko buhu a kan buhu, riƙonsa bai kai haka ba. Ka taka birki da ƙarfi, mota ta tsaya, kaya ya ci gaba da tafiya, ya zo ya daki kan mota. Tsofaffin 'yan dako za su gaya maka buhun algarara ya fi na leda zama, saboda kaushinsa. Wanda ke zaune a can ƙololuwar lodi kuwa, abin da ya riƙe shi bai wuce riƙon wandonsa da tamfol ba. Iyayenmu mata masu zuwa cin kasuwa, don Allah in da hali a daina hawa saman kaya.

Maganin zamewar kaya igiya ce, ita ma igiya da gogayya take aiki, kuma a nan abin ban mamaki yake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, da aka rufe iyaka aka toshe gada, mutane da kaya suka koma ƙetarawa da kwale-kwale, duk wanda ya je bakin ruwa ya ga wannan da idonsa. Jirgi cike da buhuna, ruwa na jansa, saurayi ɗaya ya yi tsalle ya sauka, ya naɗa igiya a jikin turke sau biyu ko uku, ya riƙe bakinta da hannu ɗaya yana hira. Ba ƙarfinsa ba ne. Kowane naɗi ninka riƙon yake yi, ba ƙari kawai ba. Da igiya da turke masu riƙon 0.3, naɗi ɗaya yana ninka ƙarfin hannunka sau shida da wani abu, naɗi biyu sau 40 da wani abu, naɗi uku kusan sau 300. Masanin lissafi Leonhard Euler na ƙasar Suwizalan ne ya fitar da wannan lissafi a ƙarni na 18. Makiyayi mai ɗaure sa a gindin itace da shi yake aiki. Gargaɗi ɗaya dai: kar ka taɓa naɗa igiyar jirgi ko ta dabba a hannunka, don yadda take kama turke haka za ta kama yatsu.

Duk wannan inda ake son gogayya ke nan. Inda ba a son ta kuwa, ɗan Adam ya daɗe yana yaƙi da ita. A kabarin wani hakimi na tsohuwar Masar mai suna Djehutihotep, kusan shekara 3,900 da suka wuce, an zana mutane fiye da 170 suna jan ƙaton gunki a kan katako, ga mutum ɗaya a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. An daɗe ana ɗauka tsafi yake yi. A 2014 masana a jami'ar Amsterdam suka gwada, suka tarar yashin da aka jiƙa daidai wa daida yana rage ƙarfin ja da kusan rabi, don yana yin tauri, ba ya taruwa a gaban katakon. In ruwan ya yi yawa kuma abin ya lalace. Mai amalanken jaki da ke bin inda yashi ke da danshi a bakin kogi bai karanta wannan ba, amma hanyar da ya zaɓa ita ce daidai.

Mirginawa ta fi ja sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ko a mirginawar akwai fifiko. Don tura tan ɗaya a kan layin dogo, ƙarfe a kan ƙarfe, jan kilo 2 ya isa. A kan kwalta da tayar roba, sai kilo 6 zuwa 10. A cikin yashi mai laushi, ya haura 100. Layin dogon da ya taso daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, bayan kilomita 438, ya tsaya nan har yau. Sauran kilomita 300 da wani abu zuwa wurinmu a kan roba ake yin su, kuma bambancin nan yana cikin kuɗin kowane buhun siminti da muke saya. Abin dariyar shi ne, saboda ƙarfe ba ya kama ƙarfe sosai, jirgin ƙasa da yashinsa yake yawo, yana watsa wa layi in zai hau tudu ko zai tsaya. Yashin da ke kayar da babur shi ke ceton jirgi. Ko bututun man da ya taso daga Agadem ya ratsa yankinmu zuwa Seme, kusan kilomita 2,000, sai da aka jera masa tashoshin turawa a hanya, don man yana gugar bangon bututun yana rasa ƙarfi.

Sai maganar mai da giris. A 1883 wani injiniya a Ingila, Beauchamp Tower, yana gwaji a kan mazaunin sandar da ke juya ƙafar jirgin ƙasa, ya huda rami ya toshe da katako, sai ya ga mai na turo toshiyar waje. Ashe sandar da ke juyawa tana jawo mai ƙarƙashinta da matsi, har ta tashi ta hau kansa, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Osborne Reynolds ya yi bayanin lissafin a 1886. Kaurin man nan bai kai na gashin kai ba, amma shi ke raba injinka da mutuwa. Shi ya sa lokacin tayar da inji da safe, kafin mai ya zagaya, ya fi kowane lokaci cin ƙarfe, don haka a daina ba shi wuta da zarar ya tashi. Mu kuma a nan babban abokin gabarmu ƙura ce. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen inji tauri, in ta shiga cikin mai sai man ya koma abin wasa wuƙa. Mai injin ban-ruwa a fadamar shinkafa, mai injin niƙa, mai janareto, matatar iska ta fi sabon fistin arha. Masu niƙa kuma, in an wasa faranti, a zubar da garin farko, don abin da ya cinye daga ƙarfen cikin garin yake zuwa.

Kar a raina wannan asara. Wasu masana biyu, Kenneth Holmberg na Finland da Ali Erdemir a Amurka, sun ƙiyasta a 2017 cewa kusan kashi 20 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi yana tafiya ne wajen yaƙi da gogayya. A ƙaramar mota, wani binciken nasu na 2012 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na man da aka zuba can yake tafiya. Allah kuwa Ya yi wa gwiwar ɗan Adam ruwanta, wanda santsinsa ya fi na ƙanƙara a kan ƙanƙara, yana aiki shekara saba'in ba a juye shi ba.

Af, tunda an zo maganar gwiwa, ga saƙo ga magina da masu gida. Tayil mai sheƙi yana da kyau a falo. Amma a banɗaki da wurin alwala, inda ruwa da sabulu da silifas za su haɗu, tarko ne ga tsofaffi. Karayar ƙugu ga Baba ko Inna ba ƙaramin abu ba ne. A sa mai kaushi, ko a shimfiɗa abin takawa na roba.

Ruwa a kan kwalta shi ma aikin mai yake yi, yana shiga tsakani. Zanen da ke jikin taya ba ado ba ne, magudanai ne da ke kore ruwan don roba ta samu ta taɓa ƙasa. Siɗaɗɗiyar taya tana iya yaudararka duk rani, don a busasshiyar kwalta tana kamawa. Ranar da ruwa ya sauka, ba ta da inda za ta kai shi, sai ta hau kansa, sitiyari ya yi sakayau a hannunka. Ruwan farko kuma ya fi kowanne sharri, saboda yana haɗuwa da ƙura da baƙin man da suka yi wata shida suna taruwa. A Turai doka ta hana hawa tayar ƙaramar mota da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, kuma da yawa daga tayoyin gwanjon da ake kawo mana, can an gama cin moriyarsu ne. In ka leƙa cikin zanen za ka ga wasu 'yan tudu a gicciye. Ranar da suka yi daidai da fuskar tayar, ta gama aiki. A gefenta kuma akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Roba in ta tsufa tana ƙandarewa ko da zanen na nan. Sake yanka wa tayar ƙaramar mota zane da wuƙa mai zafi kuwa, rage mata nama ne kawai. Iskar da ba ta cika ba ita ma tana sa taya ta yi ta lanƙwasa tana zafi, a watan Afrilu da zafinmu ke haura digiri 40, sai ka ji ta fashe.

Saboda haka malam direba, da kai mai mota da ke zaune a gida kana jiran balas, da ku 'yan kabu-kabu, kafin hadarin farko ya haɗo, ku je wurin mai faci da bakanike. A duba zane, a duba shekara, a auna iska, a buɗe ganga a ga takalmin birki, a tabbata mai bai zubo masa ba. In direba ya ce taya ta ƙare, Alhaji a saya masa, kar a ce ya lallaɓa tafiya ɗaya. Yara 'yan makaranta kuma ku gwada na bulo da roba, ku aiko mana da abin da kuka gani.